San Roque Ɗin da Ba Shi Ba

Tun farkon zangon karatu Analyn ke fafutukar wannan tafiya. Ita ce shugabar ƙungiyar taimakon al'umma ta makarantarsu, ita kuma ta shirya komai ta waya da Kapitan Berting, mai garin San Roque: za su yi wa ajin ƙananan yara fenti, sannan manoma su nuna musu yadda ake dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila.

Ranar Asabar da safe tana fama da bokitan fenti da 'yan ajinsu masu rigimar wurin zama, Manong Doming direba ya leƙo, ya kira ta yadda ake kiran 'yan mata a yankin, ya ce, "Inday, San Roque na ƙasa ko?"

"E, e, Manong, mu dai tafi."

Malama Solinap, mai kula da ƙungiyar, baƙuwa ce a yankin, ga shi mota na juya mata ciki. Ta shafa man zafi a goshi ta rufe ido.

Garin da suka sauka a bakin teku yake. Babu gonar rake ko ɗaya, sai kwale-kwale da kifi shanye a rana. Abin ya ɗan tsaya wa Analyn a rai, amma ga ajin yara nan gefen coci, bangonsa duk ya kode. Wata dattijuwa mai faffaɗar malafa ta fito tana kallonsu.

"Tita, mu ne 'yan fenti," in ji Analyn, tana kiran ta yadda ake kiran iyaye mata a nan.

Matar ta dubi bokitan, ta dubi bangon, ta ce, "To, sannunku da zuwa. Bari a kawo tsani."

Aiki ya kankama. Aka kankare bango, aka shafa shuɗi, Jomar sarkin surutu ya zana kifi a jikin ƙofa, yara suka ce alade ne. Rana ta take tsaka, bango uku sun kammala, sai wayar Analyn ta yi ƙara.

"Inday, kuna ina?" Muryar Kapitan Berting ce. "Tun safe mata suka yanka kaji. Yara sun gaji da riƙe furanni."

"Ai muna nan, Kap. Ga mu a gefen coci, kusa da teku."

Ya ce, "Mu nan kan tudu muke. Rabona da teku tun bikin Ista." Ya kashe waya. Ashe San Roque biyu ne: na tudu da na ƙasa.

Burushi ya suɓuce daga hannun Analyn. Ta tuna da iyayen da suka yi karo-karon fenti, ta tuna da shugaban makaranta, wanda da ƙyar ya amince. Da ta gaya wa Malama Solinap, malamar ba ta yi faɗa ba, zama kawai ta yi a kan bokiti ta dafe kai. Wannan ya fi faɗan ciwo.

"Shugaba ta kai mu ƙasar waje," in ji Jomar. Ba wanda ya yi dariya.

Analyn ta sami dattijuwar, wadda ashe ita ce Kapitana Luz, mai wannan garin. "Tita, me ya sa ba ki gaya mana ba?"

"'Yata, mun gaji da roƙon a gyara mana ajin nan. Na ga fenti ya zo da ƙafarsa, sai in tambaye shi takarda?"

Ba a jima ba wata tsohuwar motar ɗaukar rake ta shigo tana tari. Wani gajeren mutum ya diro, fuska a murtuke. Analyn ta matsa za ta ba da haƙuri, ya wuce ta ya nufi Kapitana.

"Luz! Ɓarauniyar fenti!"

"Berting, ka zo da kajin ko baki kawai ka kawo?"

A bayan motar mata ne zaune da tukwane: shinkafa, miyar kaza da ɗanyen gwanda, dafaffiyar ayaba, da ƙulle-ƙullen mazarƙwaila a ganye. Kapitan ya zagaya ajin yana taɓa bango da yatsa, ya ce ba laifi, amma nasu sai ya fi wannan kyau. Sannan ya juyo.

"Ke ce Analyn? Goge hawayenki. Limami ma an taɓa kai shi can alhali nan ake ɗaurin auren. Asabar mai zuwa ni zan zo da kaina in ɗauke ku. Fentin kuwa, Luz ce za ta saya."

"Rabi," in ji Kapitana.

"Da kifi."

"Da kifi."

Malama Solinap ta miƙe daga kan bokitin, shuɗi ya yi mata zobe a bayan siket. Ta ce ita za ta yi wa shugaban makaranta bayani, ai tafiya ɗaya ya bayar, sun samo biyu. Analyn ta ja numfashi har ƙasan ciki. Sai a lokacin ta ji yunwa. Ta ci, ta ƙara, tana jin manyan biyu suna gardamar ko gaba da coci ya kamata a kafa allon sunan gari, sannan ta ɗauki burushi ta nufi bangon da ya rage.