Jar Tuta a Hannun Kawu

Asabar, bayan la'asar, motar Legas ta sauke shi a tashar Jonquet ta Kwatano, kuma a'a, ba zai hau zem, babur ɗin haya, ba. Da ƙafa zai shiga Zongo. Su gan shi. Su ga shuɗin kwat ɗin nan mai tambarin wasannin Afirka a ƙirji, wanda aka ɗinka da awonsa a Abuja. Labaran Munzali, metir, wato malamin motsa jiki a lekol, makarantar boko, wanda yara ke kira Mai-Usur a bayan idonsa... alƙalin dogon tsalle. Daga Bénin kaf, su wa aka kira? Su nemo da kansu.

Zufa na bin gadon bayansa. Kwat a Kwatano, cikin wannan zafi? To, a cire a ce me ya faru?

Ga Badarou mai shayi yana ɗauraye kofuna. Ya ɗago. «Metir, sannu da hanya.» Ya sunkuya.

Shi ke nan? Badarou, da ko Porto-Novo ka je ka dawo sai ya tare ka da ina tsarabata? A Zongo wanda ba a tambaye shi tsaraba ba, da magana. Sun gani ke nan. An fito da tele ƙofar gidan Alhaji Soumaïla, an shimfiɗa tabarmi, mata ta can, maza ta nan, duk unguwa ta taru ta ga Safwan. Safwan ɗan Yaya Housseina. Ɗan yayarsa, ciki ɗaya.

Can a Abuja, kujera a gefen katako. Tuta biyu a cinya, fara da ja. Aikin ke nan, ba wani abu ba: idonka a kan katakon da ake takawa a tashi, da siririn danƙon da aka shafa a bakinsa. In takalmi ya taɓa danƙo, ja. In bai taɓa ba, fara. Ba ruwanka da yadda mutum ya tashi sama, ba ruwanka da ihun fili, ba ruwanka da ɗan wane ne...

Amma ya tashi! Wallahi ya tashi. Tsallen ƙarshe. Yaron da ya koya wa gudu a rairayin bakin teku, ƙafafu kamar sillen kara, yana faɗuwa yana cin yashi yana dariya, shi ne ya ratsa iska ya sauka can inda ake rabon lambobi. Ta tagulla ce, ko ma ta azurfa. Filin ya ɗauka. Safwan ya miƙe, yashi a fuska, ya juyo yana neman ido ɗaya a duk duniya...

Sawu a kan danƙo. Ɗan ƙarami, kamar farce ya taɓa tuwo.

Ja.

Wannan dai a rubuta. Ya ɗaga ta sosai, miƙe, yadda ake ɗagawa. Shugaban alƙalai, dattijon nan na Dakar, ya zo ya durƙusa, ya duba danƙon, ya gyaɗa kai. Da yamma, da ya ji ko wane ne yaron, sai ya riƙe hannun Labaran da hannu biyu. Akwai lambar da ta fi wannan?

Masu canji a bakin titi sun ga ya matso. Ɗaya ya ce wa ɗaya, ba da ƙarfi ba, ba kuma a ɓoye ba: «Ga Gaskiya-da-Kwat nan.»

Su faɗa. Tun da aka yi Taron Ƙasa aka shiga dimokuraɗiyya, aka saki bakuna, kowa a Zongo ya zama alƙali, kowa da rediyon da yake kira da safe. Madalla. Ba don haka aka yi ta shan rana a layin ƙuri'a ba? Don ja ta zama ja ko a kan wa? Ana so a kan minista, ba a so a kan ɗan unguwa. To shi bai iya gaskiya mai zaɓen gida ba.

Sai dai... dattijon ya tambaye shi tun da safe. Akwai ɗan ƙasarka a ciki, in sauya ka? Ya ce a'a. Don me ya ce a'a? Don aiki ne. Don amana. Don... don yana so ya zama hannunsa ne zai ɗaga fara, Zongo na kallo. To, laifi ne? Kawu ne fa.

Masallaci. Kwanar mahauta. Layinsu.

Abin da tele ba ta nuna ba, shi ya gani. Daga kujerarsa ana hango farkon hanyar gudu. Kowane mai tsalle da alamarsa a ƙasa, awo ne na shekaru, taku a kan taku, ba a ƙara ko faɗin tafi. Safwan da ƙafar hagu yake tsayawa a kan alama, tun yana yaro. Ran nan ya tsaya, leɓensa na motsi, sai ya ɗaga dama ya ɗan ajiye ta gaba. Ɗan taku, na bisimilla. Sannan ya kwasa.

Wa ke cewa da dama? Ci da dama, sa takalmi da dama, shiga da dama, fita neman arziki da dama. Muryar da ta rene shi shi kansa, bayan rasuwar innarsu, ta goya shi tana suyar waina. Yaya Housseina ta je kabin ɗin waya ana gobe gasa, ta kira ɗanta.

A bayan fili Safwan ya same shi, tawul a ka. «Kawu, Inna ce ta ce na ƙarshen in fara da dama.» Can kuma: «Don Allah kar ta sani.»

Kar ta sani. To Zongo ta ci gaba da cin namansa ke nan. Zai iya. Ƙashin bayansa ya ɗauki abin da ya fi haka. Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, daga nan har unguwar Gbégamey a daina yi masa kallon wanda ya yanka ɗansa, kuma kalmar za ta sauka a kan matar da ta yi ta azumin Litinin da Alhamis tun da aka sa sunan yaron cikin 'yan gasa.

Ƙofar gida a buɗe. Takalmanta a bakin tabarma.

Tana zaune a tsakar gida, carbi a hannu, matarsa Ni'ima na tsaye a gefe kamar mai jiran hukunci. Ya durƙusa, kwat ɗin ya matse shi a kafaɗa. Ina wuni, Yaya. Ta dube shi daga wuya har ƙasa.

«Ya yi maka kyau,» ta ce. «Babanmu bai taɓa sa irinsa ba.»

Ba zagi? Da zagi ne da ya fi sauƙi.

«Ban zo faɗa ba, Labaran. Kai ba ka ƙarya, tun kana goye na sani. Tele ba ta nuna farkon ba, kai kuwa kana wurin. Da dama ya fara?»

«Da dama ya fara, Yaya.»

«Alhamdu lillahi.» Ta sauke numfashi, har kafaɗunta suka saki. «Na yi ta tsoro ko ya manta. To ba daga nan ba ne.» Ƙwayar carbi ɗaya ta wuce. «Daga ina ne?»

Ni'ima ta miƙo ruwa, ruwan matafiyi, wanda ba a yi wa mutum tambaya sai ya sha. Ya karɓa da hannu biyu. Yana sha... a hankali... sanyin randa na bin maƙogwaro. Muddin kofin na bakinsa, ba mai cewa ya yi shiru. Kai ba ka ƙarya. Kar ta sani. Yana sha.

Yaya Housseina tana jira.

Ruwan ya ƙare.