Madubin da Ba a Leƙawa

Wata goma sha ɗaya madubin Inna ya yi a naɗe cikin tsohon mayafi. Yaya ce ta naɗe shi ranar da Inna ta rasu. A ganinta fuskar Inna ce ta ƙarshe da ta shiga cikinsa, duk wanda ya leƙa kuwa zai shafe ta. Da aka raba kaya sai madubin ya faɗa rabon Auta, ƙanwar Yaya, wadda jibi za ta bi mijinta wani gari mai nisa. Yaya ta san Auta: ko bayan cokali ta samu sai ta duba fuskarta.

Shi ya sa da hantsi suka hau benen wani dattijo mai hoto. Idan madubin zai tafi, Yaya na son ko hotonsa ya zauna.

Bangon shagon cike yake da hotunan baƙi da fari, babu mutum ko ɗaya a ciki: takalmi ƙafa ɗaya, makullin da ya ci tsatsa, almakashi a buɗe kamar yana hamma. Auta ta raɗa wa yayarta cewa duniya ta cika da launi, shi wannan tsoho ya tsaya wasa da gawayi da alli. Ya ji, ya yi murmushi, ya ba su kujera.

Ya saurari Yaya har ta kai aya, bai yi dariya ba. Sannan ya ce matsalar madubi ita ce ba shi da fuskar kansa, dole ya ɗauki wani abu.

"Ban da kai, Baba," in ji Yaya. "Ban da na'urarka, ban da mu."

Ya jima yana kallon taga. Sai ya jingina madubin a bakinta, fuskarsa na duban sama, ya kafa kyamararsa can gefe. Ya zagaya ta baya ya zare mayafin a hankali, kamar mai yaye wa jariri zane. Suka zauna jiran girgije. Ƙura na yawo cikin hasken, hayaniyar titi ta yi nisa, har Auta ta yi shiru. Da wani farin girgije ya iso, ya danna sau ɗaya, ya mayar da mayafin, ya ce su dawo gobe.

Washegari ya shigar da su ɗakin wanke hoto, inda jar fitila ce kaɗai ke ci. Ya tsoma farar takarda a tiren ruwan magani yana jijjigawa. Hoton ya riƙa tasowa kamar abin da ake jawowa daga rijiya: katakon gefe, sannan girgijen, kwance cikin gilashi. Can ƙasa, a kusurwar dama, hasken gefe ya fito da abin da ido bai taɓa lura da shi ba. Shatin babban yatsa ne na man shafawa, wani siririn layi ya ratsa tsakiyarsa.

Auta ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce tabon yankan wuƙar nan ne a yatsan Inna, na ranar da Inna ke yanka albasa tana yi mata faɗa.

Yaya ta ƙura wa shatin ido. Wata goma sha ɗaya tana gadin fuska, ashe hannu aka bar mata.

Da hoton ya bushe suka fito haske. Yaya ta rungume shi, ta kwance mayafin da kanta, ta miƙa wa Auta madubin.

"Leƙa, uwar kwalliya. Amma ranar da kika goge gefen nan, ni da ke ne."

Auta ta riƙe shi ta hagu, ta ɗaga a hankali. Yaya ta leƙo ta kafaɗarta. Goshin Inna da suka gada ne a ciki, har biyu, girgije na wucewa ta bayansu.