Faɗin Yatsu Huɗu a Kan Yaya

Auta ne ya zubar wa yayarsa da gashi, kuma da hannunsa ya yi. Na'ura ba ta lalace ba, wuta ba ta ɗauke ba.

Aikinsa ɗaukar hoton cikin kai a asibiti, da wannan babbar na'ura mai rami a tsakiya, wadda ake kwantar da mutum a kan siririn gado a tura kansa ciki. Haske take harbawa mai ratsa ƙashi, kuma hasken nan idan ya yi yawa illa ne. Shi ya sa aka sa mata wani tsari da take auna kan mutum da kanta: inda ƙashi ya yi kauri ta ƙara, inda babu kauri ta rage. Hoton yakan fito da ɗan dishi-dishi kamar an watsa masa yashi, amma likita yana ganin abin da yake nema. Auta bai taɓa son tsarin ba. Hoton rowa yake kiransa. Ga sauran jama'a dai yana barin sa a kunne, tunda doka ce.

Sai ga Yaya an turo ta a keken marasa lafiya, baki ya ɗan karkace, hannun hagu ya yi nauyi. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da kitso ta yi masa makaranta. Likita ya ce a yi mata hoton da ke bin gudun jini a ƙwaƙwalwa, wanda na'ura ke ta zagaya wuri guda ba ta matsawa.

"Auta," in ji Yaya, magana na fita da ƙyar, "kar ka yi mini na gama-gari."

"Kwanta kawai, Yaya. Ke da gidanki."

Ya gyara mata matashi, ya ɗaura mata maɗauri a goshi, ya shiga bayan gilashi, inda ake sarrafa na'urar, ya zaɓi faɗin wurin da za a ɗauka. Ya kashe tsarin nan, ya kai ƙarfin hasken ƙarshe da hannunsa. Na'ura ta fito da gargaɗi, ya danna ya wuce. Yaya ta yi tari a tsakiyar aiki, ya ce ba a kan yayarsa za a ba da hoto mai rawa ba, ya sake daga farko. Hoton ya fito tas, har likita ya yaba. Ciwon kuma ashe ƙarami ne, aka ba ta magani, bakin ya koma daidai.

Bayan 'yan makonni ya leƙa shagonta. Ɗaki ne guda a bakin titi, da dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa da waya, da kwalaben man kitson da take haɗawa da kanta, wanda saboda shi mata ke tsallake shaguna uku su zo nata. Ta tura ƙofa, ta zame ɗankwali.

"Kai da ka yi boko, duba mini nan."

Gashi ya zube a zagaye, daga saman wannan kunne ya bi ta ƙeya zuwa wancan, santsi kamar an bi da reza. Sama gashi, ƙasa gashi. Ya ɗora hannu a wurin. Faɗin yatsu huɗu. Daidai faɗin da ya zaɓa a bayan gilashi.

"Ko maganin ne?" ta tambaya.

"Zai iya yiwuwa," in ji shi.

"Likita ya ce ba ya sa haka. To ni dai nan nake fara shafa mai kullum, ta gefe."

Nan ya kamata ya yi magana. Amma ya san idan maganar ta fita, gobe tana ofishin shugaban asibiti, kuma wanda ya tsallake gargaɗi da gangan ba ya komawa bayan gilashi. Yana da 'ya'ya a makaranta. Ya ce mata zai bincika.

Kan mai kitso ba ya ɓoyuwa. Wata rana tana sunkuye a kan wata mata ɗankwalin ya zame, matar ta gani a madubi. Da rabin kitso ta tashi. Kafin mako ya zagayo magana ta gama layin: man Yaya yana cin gashi, ga shi ya fara da mai shi. Wata ta dawo da kwalba ta dire a bakin ƙofa. Wata ta aiko a gaya mata idan kan 'yarta ya zube, hukuma ce za ta raba su.

Auta ya daina cin abinci sosai. A wurin aiki ya zama ba ya barin kowa ya taɓa tsarin nan, har abokiyar aikinsa ta ce, "Yau kuma kai ne limamin hoton rowa?" Bai yi dariya ba.

Ya shirya maganar a hanya, ya je. Ya tarar da ita tsugune a bakin kwata tana tuttular da man, kwalba bayan kwalba.

"Yaya, bari. Ba man ba ne."

"To mene ne?"

Ta ɗago tana dubansa, hannunta na naso. Ya buɗe baki.

"Ranar da na ɗauke ki hoto..."

"Kar ka sa ranar nan a ciki," ta katse shi. "Ranar nan ce kaɗai abin da ya tafi daidai a shekarar nan. Kowa na gaya wa, ƙanena ya yi mini na musamman, wanda ba a yi wa kowa. Ni ce dai na tsufa, hannuna ya daina sanin awo. Allah ya sa a kaina ya tsaya, ban cuci 'yar kowa ba." Ta miƙa masa kwalba. "Riƙe nan, malamin asibiti, ka yi amfani yau."

Ya karɓa. Shi ya zubar da ta ƙarshe.

Gashin ya dawo daga baya, fari fat, zobe guda a tsakiyar baƙi. Matan ba su dawo ba. Auta yana nan a bakin aikinsa, har an ƙara masa girma. Yaya ta mayar wa mai shago makullinsa, kuma Auta ta kira ya ɗauko mata madubin, don shi kaɗai ta yarda ba zai fasa mata shi a hanya ba.