Takardar Zagaye

Shekara goma sha tara Anti Fayil ta yi a ofishin lauyoyin da ke hawa na biyu, kuma abu ɗaya take tinƙaho da shi: ba ta karanta takardar mutane. Sakatariya ce, makullan kabad duk suna hannunta, shi ya sa ƙananan lauyoyi suka laƙaba mata wannan suna har ya bi ta gida. Wasiyya ce ta biyo ta teburinta, ko ƙorafin ɗa a kan ubansa, lamba kawai take dubawa ta kai inda za ta kai. Ta sha gaya wa mutanen gidansu cewa idonta ya san inda zai tsaya, su kuwa su ce to wa ya tambaye ki.

Da ofishin ya buɗe shafi a intanet, sai aka sa wani fom da mai matsala zai cika: suna, lambar waya, wurin aiki, da wani faffaɗan fili da aka rubuta a samansa, "Faɗa mana damuwarka." Mutane kuwa suka yi ta faɗa, har abin da ba su taɓa gaya wa matansu ba. Yallaɓai, babban lauyan da ya kafa ofishin, ba ya yarda da abin da bai riƙe a hannunsa ba, don haka ya kafa tsari. Kowace safiya Anti Fayil za ta buga saƙonnin da suka shigo, ta maƙala wa kowanne wata 'yar takarda a sama da ake kira takardar zagaye, ta rubuta lamba da kwanan wata, ta sa hannu, ta zaga da su teburin lauyoyi huɗu. Kowane lauya ya karanta, ya rubuta ko wanda ake ƙorafi a kansa mutumin ofishin ne, don kada a karɓi shari'ar da za a tsaya a ɓangare biyu.

Barista Ƙarama, wadda ita ce sabuwa a cikinsu, ta taɓa cewa ai sunaye kaɗai sun isa wannan bincike, ba sai kowa ya karanta cikin mutum ba. Yallaɓai ya zare tabarau ya ce, "Duk nan lauyoyi ne. Wa kike zargi a cikinmu?" Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba. Anti Fayil dai ba ruwanta. Takardu na fitowa daga firinta a kife, a kife take rufe su da takardar zagaye, ta danna musu fin.

Wata Lahadi da rana, a tsakar gidan mahaifiyarsu, ƙaninta Auta ya same ta tana yanke wa tsohuwar farce. Shi ne mai duba lafiyar motoci a wani kamfanin manyan motocin haya. Mutum ne da ba ya iya zama shiru, amma ranar sai juya makullin babur yake yi a yatsa.

"Yaya, idan mutum yana da magana da lauya, kuma ba ya so kowa ya ji, yaya ake yi?"

"Maganar filin surukinka ce ko? Na gaya maka tun bara ku nemi lauya."

Ya ci gaba da juya makullin.

"Ka shiga shafinmu ka rubuta," in ji ta. "Ba sai ka zo ba. Abin da ya shiga ofishinmu ya shiga ke nan, ko ni ba na gani."

"Ko ke?"

"Ko ni. Shekara nawa ina can, ka taɓa jin na kawo labarin wani gida?"

Mama ta ce, "Wannan kam gaskiya ne, ko na daɗi ba ta kawo mana." Suka yi dariya, har da Auta.

Bayan mako uku ya kira ta da azahar, muryarsa a dishe, ya ce an dakatar da shi daga aiki. Da ta tashi daga ofis ta wuce gidansa kai tsaye. Ta tarar da shi zaune a bakin gado da kayan aiki a jikinsa, matarsa ta kwashe yaran ta kai maƙwabta.

Ashe ba maganar fili ba ce. Wata shida ke nan ana tilasta masa ya sa hannu cewa ya duba birki da tayoyin motocin da ko ƙarƙashinsu bai leƙa ba, saboda manaja ba ya so mota ta kwana a gareji. Tsoro ya hana shi barci. Ya ga ranar da mota za ta kwashe mutum hamsin ta faɗa rami, a ɗauko takarda a ga sa hannunsa. Shi ne ya rubuta a shafin ofishinsu, ya tambaya yadda zai kai rahoto ba tare da ya rasa aikinsa ba.

"Yaya, manaja bai ce ya ji labari ba. Maimaita min ya yi. Na rubuta cewa mota mai lamba tara akwatin gawa ce mai taya. Haka ya faɗa min, kalma da kalma, yana murmushi. Ni kuwa ban taɓa faɗin wannan da bakina ba, ko ga matata."

Anti Fayil ta ajiye jakarta. Ta ce wataƙila wayarsa aka bincika. Ya ce wayarsa ba ta barin aljihunsa. Ta tambaye shi ranar da ya aika, ya faɗa mata. Ya ƙara da cewa yana fitowa daga ofishin manaja, tsoro ya sa ya sake shiga shafin ya roƙi a goge duk abin da ya rubuta.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta buɗe kabad na uku, ta bi kwanan wata, ta zaro lamba ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta ɗaga takardar zagaye, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara aiki. Sunan Auta ne, da lambarsa, da rubutunsa mai dogayen jimloli marasa aya, kamar yadda yake magana. A ƙarshe ya rubuta, "Don Allah kada kowa ya gani sai lauya ɗaya."

Huɗu suka gani. Uku sun rubuta "babu". Na huɗun Barista Dogo ne, mai riƙe da harkokin wani attajiri da ke da kamfanoni fiye da yadda Anti Fayil ta taɓa ƙirgawa, ashe har da kamfanin su Auta, amma fayil ɗin da sunan attajirin yake, ba da sunan kamfanin motocin ba. Dogo ya rubuta da jan biro, "Namu ne. Kada a karɓa." Sai ta tuna a ranar da la'asar ya leƙo ya ce ta haɗa shi da ofishin attajirin a waya, ta haɗa shi, har ta kai masa shayi yana tsaka da dariya.

Baƙin ciki ya tokare ta. Ba Dogo kaɗai take jin haushi ba, shi dama kowa ya san bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kanta take jin haushi. Da ta ɗaga takardar nan sau ɗaya, sau ɗaya tak, da ta ga sunan ɗan'uwanta ta cusa ta a jaka. Halin da take yi wa mutane gori da shi, shi ya sa ta ɗauki Auta da hannu biyu ta ajiye a teburin Dogo, har da "barka da asuba, Barista."

Kafin ƙarfe goma Yallaɓai ya kira ta. Yana shafa gemu ya ce mai lamba ɗari huɗu da goma sha biyu ya nemi a goge bayanansa, kuma haƙƙinsa ne, doka ta ba shi. Mai kula da kwamfutoci ya riga ya share nasa ɓangaren, saura takarda. Ta sa ta a injin yanka takardu kafin tashin gobe. Anti Fayil ta san akwai irin wannan roƙo guda bakwai a durowarta, wani ya fi wata takwas yana jira ba wanda ya waiwaye shi. Yau ne ofishin ya tuna da haƙƙin mutane.

A kan matakala ta tare Barista Ƙarama. Ta ce wani maƙwabcinsu ne abu kaza ya same shi a wani ofishi, idan yana da takarda irin kaza fa?

Ƙarama ta daɗe tana kallonta. Ta rage murya ta ce, "Anti, takardar hujja ce, mai ƙarfi ma. Amma kin taɓa karanta abin da muka rubuta a ƙasan fom ɗin nan? Cewa muka yi sunaye kaɗai ake zagawa da su. Umarnin Yallaɓai da baki ya ba ki, ba a rubuce ba. Ranar da aka je gaban alƙali, cewa za a yi sakatariya ce ta yi gaban kanta. Sa hannun wa ke saman takardar?"

Anti Fayil ta koma teburinta. Da aka tashi ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta sauka tana jin kamar kowa a titi ya san abin da ta ɗauko.

Auta yana wanke babur a ƙofar gida. Ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya karanta jan rubutun Dogo, idonsa ya kaɗa. Sannan idon ya hau sama, wajen lamba da kwanan wata, ya tsaya can.

"Yaya, wannan rubutunki ne."

"Nawa ne."

"Ke kika kai masa?"

"Ni na kai. Ban san taka ba ce, wallahi ban duba ba."

"Na sani," in ji shi. "Ai kin faɗa min ba kya gani."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta ce ya riƙe takardar, gobe su nemi wani lauya a wani wuri, ita ta yarda a ce ita ce, a kore ta, a yi duk abin da za a yi. Tana magana hawaye na zuba, ba ta ma share ba.

Ya naɗe takardar yadda ta zo, ya miƙa mata.

"Idan aka kore ki, Mama fa? Yarana fa, wajen wa za su je kafin in samu wani abu? Mutum ɗaya marar aiki ya isa a gidan nan. Mayar musu."

"To motocin fa, Auta? Mutanen da ke shiga?"

"Sun ɗauki wani jiya. Yana sa hannu." Ya sunkuya ya ɗauki tsumma ya ci gaba da wankin babur, ya bar ta tsaye da takarda a hannu.

Da safe ta cire fin, ta sa takardun a injin ɗaya bayan ɗaya. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Dogo ya wuce ta gabanta da jakarsa yana tambaya ko an kawo jarida, ta ce an kawo.

Yallaɓai ya sa ta buga wasiƙar tabbatarwa, yana faɗa tana rubutawa. Ofishin yana farin cikin sanar da mai roƙo cewa an share duk bayanansa, babu sauran komai nasa a kwamfuta ko a takarda, kuma ofishin yana ɗaukar sirrin jama'a da matuƙar muhimmanci. Ya karanta sau biyu, ya gyara waƙafi ɗaya, ya sa hannu, ya buga tambari. Ya ce aiki ya yi kyau, da ma ya san ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ta sa wasiƙar a ambulan, ta tsaya. Wata 'yar mugunta ta taso mata, ita kaɗai ta rage mata.

"Yallaɓai, ina za a aika? Adireshinsa da lambarsa duk mun goge."

Bai ko ɗago kai ba, yana buɗe wani fayil.

"Ba sai an aika ba. Ki tafi masa da ita, ai ƙaninki ne."

Ba ta taɓa ambaton Auta a ofishin nan ba, ko sau ɗaya.

"Sunansa na cikin fom ɗinki na ɗaukar aiki," in ji Yallaɓai, "wajen wanda za a kira idan wani abu ya same ki. Na duba tun ranar da saƙon ya zo. Mu nan ba ma yar da takarda sai mai ita ya roƙa." Ya juya shafi. "Ki gaishe shi. Ki turo min na yau idan kin buga."