Motar Asibitin da Ke Cikin Hoto

Auta ya danna "toshe", sunan mutumin ya ɓace daga allon, ya gangara kan na gaba. Wannan wani malamin makaranta ne, ya yi dogon bayani a kan rufin aji da ke yoyo. Auta bai karanta har ƙarshe ba. Ya danna.

Aikinsa ke nan tun da Honorabul ya ci zaɓe: kula da shafin ɗan majalisar a intanet. Shi ke saka hotuna, shi ke rubuta "aiki na ci gaba" a ƙasansu, shi ke share abin da mutane suka rubuta kafin maigidan ya iso ofis. Abokan aiki har tsokanarsa suke, suna ce masa Mai Tsintsiya. Dokar ba ta da wuya. Masu yabo a bar su. Masu roƙo ma a bar su, don suna nuna ana buƙatar Honorabul. Masu tambaya ne ake toshewa.

Ya iso kan hoton makon jiya, na farar motar asibiti da aka ɗaura wa jan ƙyalle, Honorabul yana miƙa makulli yana murmushi. Sharhin da ke sama ya tara jama'a sosai. Auta ya kai yatsa, sai ya ga fuskar da ke gefen sunan. Yayarsa ce, cikin farin kayan aikinta.

"Ni ungozoma ce a wannan asibitin," ta rubuta. "Ranar da aka ɗauki hoton nan, da yamma aka zo aka tafi da motar. Jiya wata mata ta haihu, jini ya ɓalle mata, muka sa ta a keken haya zuwa babban asibiti. Ba ta kai ba. Ranka ya daɗe, ina motar take?"

Babu zagi a ciki ko kalma ɗaya. Ya sake karantawa yana neman zagin, don da akwai da abin ya zo masa da sauƙi. Yaya ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ya san yadda take magana. Idan ta yi tambaya a hankali haka, ba ta janyewa.

Ya yi tunanin goge sharhin a ɓoye ba tare da ya toshe ta ba. Amma mutane sun riga sun ɗauke shi suna yaɗawa. Yana cikin wannan tunanin sakatariya ta leƙo.

"Oga na kira. Ka tafi da wayar ofis."

Ɗakin Honorabul sanyi ƙalau, labule a sauke ko da rana. Yana zaune yana yanke farce a kan jarida. A kujerar gefe akwai mutumin da kowa ke kira Mai Gilashi, wanda ba a san takamaiman aikinsa ba, sai dai duk inda Honorabul ya je yana bayansa, kuma shi ake aikawa idan magana ba ta waya ba ce.

"Ka ga abin da ke shafina?" Honorabul ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na gani, ranka ya daɗe."

"To me yake yi a wurin har yanzu?"

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar tambaya ce. Da an ba da amsa, ko a ce motar tana wurin gyara…"

"Wurin gyara." Honorabul ya yi 'yar dariya, ya hure farcensa. "Shafin nan falona ne. Wanda ya shigo falona ya ɗaga min murya, ba na gardama da shi, ƙofa nake nuna masa. Na hana wani magana? Ta je ta yi a nata shafin. Ta hau rufin ɗaki ta yi."

"Amma a nan ne mutane ke jin sanarwa, ranka ya daɗe. Rabon taki, ɗaukar aiki…"

"Shi ya sa ake shiga da ladabi."

Mai Gilashi ya miƙo hannu, Auta ya ba shi wayar. Ya buɗe hoton Yaya ya faɗaɗa shi da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Goshin nan na san shi," ya ce. Ya juyo ya dubi goshin Auta. "Ba ita ce mai gida kusa da injin niƙa ba? Mai koren ƙyaure. 'Ya'yanta mata ne ke wucewa makaranta ta bayan gareji."

Auta bai taɓa gaya wa kowa a ofis inda Yaya take zaune ba.

Sai a lokacin Honorabul ya ɗago. "Au, 'yar gida ce? To ai abin ya zo da sauƙi. Yi a gabana."

Aka mayar masa da wayar. Allon ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Fuskar Yaya ta ɓace, tambayarta ta bi ta, hoton motar ya rage da masu cewa Allah ya ƙara ɗaukaka.

"Ka gaishe ta," in ji Honorabul, ya koma kan farcensa. "Ka ce mata na ji tana da ƙoƙari. Akwai asibitoci can cikin ƙauyuka da ke neman masu ƙoƙari irinta."

"In sauke ka mana," Mai Gilashi ya ce. "Hanyata ce."

"Na gode, akwai inda zan biya."

Bayan la'asar ya hau bas. A kujerar baya wasu mata biyu na maganar matar da ta rasu a keke. Ɗaya ta ce ta ga rubutun da safe, yanzu ta neme shi ta rasa. Ɗayar ta taɓa mata gwiwa, ta nuna fasinjoji da ido, suka koma hirar tsadar gawayi.

Asibitin unguwa ɗakuna ne a jere da baranda. A filin gaba, inda aka ɗauki hoton, akwai sawun tayoyi da ya bushe cikin laka. A tsallaken titi wata baƙar mota irin ta Mai Gilashi na tsaye ƙarƙashin bishiya, injinta a kunne, gilasanta a rufe. Auta ya sunkuyar da kai ya shige.

Ya sami Yaya a ɗakin haihuwa tana wanke almakashi a cikin roba. Ba ta juyo ba.

"Auta. Ka ci abinci?"

"Yaya…"

"Shugabanmu ya kira ni ofis ɗazu. Wai an yi masa waya daga sama, in rubuta cewa wani ne ya sace min waya ya yi rubutun." Ta zuba ruwan a kwata. "Na koma in duba, na ga an rufe min ƙofa. Kai ka yi?"

"Ni ne."

Ta gyaɗa kai tana goge hannu. "Gara kai. Na san aƙalla ka karanta kafin ka danna."

"Yaya, ki rubuta abin da suke so. Sun san gidanki. Sun san hanyar da yara ke bi."

Hannunta ya tsaya a cikin tawul. Ya ga maganar ta shige ta, ya ga ta kalli taga, wajen titi.

"A cinyata ta cika," ta ce a hankali. "Ina danne da cikinta, keke na faɗawa ramuka. Ta ce min, Anti, mun kusa? Na ce mun kusa. Ƙaryar da na yi jiya ta ishe ni."

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Wani mutum ne siriri, da ƙurar katako a gashin hannunsa, yana riƙe da hularsa. Yaya ta ce mijin marigayiyar ne, kafinta. An yi jana'iza da safe, jaririyar tana wurin kakarta.

"Anti, ki yi haƙuri," ya ce. "An ce min kin rubuta a wurin Honorabul. Ni wayata ta kira ce kawai, kuma ban iya rubutu sosai ba. Na ce ko za ki ƙara min kalma biyu a ƙasan naki. Ba rigima nake nema ba. So nake ya san ta taɓa zaɓensa, har layi ta bi da tsohon ciki na farinmu."

Yaya ta dubi wayarta da ke kan tebur, sannan ta dubi mutumin. "Malam, ni yanzu ba ni da hanyar shiga wurin."

"Au," ya ce. Ya juya hular a hannunsa. "To. Allah ya saka da alheri." Ya juya zai fita.

Waya biyu ce a jikin Auta, ta ofis a aljihun riga, tasa a aljihun wando, mai sunansa da hotonsa. Ya ciro tasa.

"Malam, dawo ka zauna. Faɗi, zan rubuta maka."

"Auta," Yaya ta ce.

"Na ji, Yaya."

Kafintan ya zauna a bakin benci ya yi magana a hankali, yana tsayawa don a rubuta. Bai zagi kowa ba. Ya faɗi sunan matarsa, ya ce tana da shekarun da ba su kai na mutuwa ba, ya ce 'yar da ta bari ko nono ba ta sha ba. A ƙarshe ya ce a tambaya masa ina motar take. Auta ya karanta masa daga farko, mutumin ya ce haka ne. Ya aika.

Nan take wayar ofis ta yi ƙara a aljihun rigarsa, tana sanar da shi wani ya yi sabon sharhi a shafin Honorabul. Bai ciro ta ba. Ta taga ya ga injin baƙar motar ya mutu, ƙofar direba ta buɗe.

Yaya ta ɗauko mayafinta daga jikin ƙusa.

"Ka tsaya da baƙon," ta ce. "Bari in je in ɗauko yara daga Islamiyya da kaina."