Laya a Ƙarƙashin Kuloci

Tun daga Sassumbrum giyar sabuwar Fijon Alkasim take gardama, sai ya danna da ƙarfi take shiga. Motar da ko iska ba ta kamo ta! Yana isa Magariya ya sauke fushinsa kan Illa bakanike.

"Kai ka taɓa ta jiya, ka kashe mini mota!"

Illa ya taka kuloci, ya ji bai kai ƙasa ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, sai ga ƙatuwar laya an cusa.

Alkasim ya fizge ta, ya nufi gida yana huci.

Ya nuna wa innarsa layar. Ko kallonsa ba ta yi ba ta ce:

"Ni na sa. Gudun mota ya ci yayanka. Mayar da ita inda ka ɗauko."