Sunan Hajjo a Takardar Depite

Ranar sadakar bakwai ɗin Hajjo, mijinta Sulaimanu mai gyaran rediyo ya kasa zama haka kawai, ya jawo wata tsohuwar rediyo yana murɗawa a zaure. Nan ya ji labarin wata ƙasa wai ita Latbiya. Rufin wani katafaren kanti ya rufta kan mutane, firaministan ƙasar ya ce alhakin yana wuyansa, ya ajiye mulki.

Sulaimanu ya yi dariya mai ɗaci. Ita ma Hajjo rufi ne ya kashe ta, na sabuwar rumfar masu kifi da Depite Mas'udu ya gina a unguwarsu a Garwa. Tana cikin jera bandar kifin tafkin Lagdo rufin ya sauko mata. Shekara ashirin da biyu Mas'udu yana majalisa, ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Abin da Sulaimanu yake so ke nan, ya ji shi da bakinsa.

Da hantsi sai ga depiten, babbar riga na jan ƙasa, sakatariyarsa Florentine na biye da takardu.

"Malam Sulaimanu, sai haƙuri. Ƙaddara ce."

"Alhaji, ƙaddarar ce ta rage siminti?"

Mas'udu ya shafa fatiha kamar bai ji ba, ya fita.

Florentine ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙo takarda. Mosyon ce, irin takardar goyon bayan da ake zagayawa da ita gida gida, jama'a na roƙon depite kada ya gaji da wakiltarsu.

"Mai gida ne ke fara sa hannu, sauran su biyo," in ji ta.

"Madam, ko hannuna zai ruɓe ba zan sa ba."

"Ba komai, Baba. Dama an riga an sa gidanku, daga rajistar jam'iyya muke kwafowa."

Ya karɓa ya duba. Layi na tara, ga sunan Hajjo, ga shuɗin tambarin yatsa a gefensa, kwanan watan na shekaranjiya. Shi da kansa ya ciro hannun nan na Hajjo daga ƙarƙashin bulo.

"Baba, ba ni takardar," in ji Florentine, "akwai sauran gidaje."